Aron Ido

Tun da gari ya waye Yaya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta shirya jakarta, ta zazzage, ta sake shiryawa. Ta wanke 'yan rigunan jariri da jiya ma an wanke su. Ta ja kujerar falo zuwa bakin taga, sai ta tuna a gidan nan ba a gusar da komai daga mazauninsa, ta lallaɓa ta mayar da ita kamar ɓarauniya.

"Na dai ji ki," in ji Auta daga cikin ɗaki. "Ki daidaita ta, ƙafarta ta baya a bakin kafet take."

Auta ƙanwarta ce, kuma ba ta gani. Ciwo ne ya tafi da idonta tun tana 'yar firamare, daga ranar kuwa hannunta ya koma cikin na Yaya. Ita ke kai ta makaranta, ita ke zaɓa mata kaya, ita ke yi mata faɗa da duk yaron da bakinsa ya yi tsawo. Yanzu Auta ta girma, tana aikin amsa waya a wani kamfani, ta yi aure, ga shi har ta haihu. Jaririn namiji ne, suna ce masa Yallaɓai, don in ya buɗe baki kowa sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Yaya nas ce a wani gari mai nisa. Hutu ta ɗauka ta zo ta zauna da su, hutun kuwa gobe zai ƙare.

Abin da ya hana ta sakat ke nan. Mijin Auta, wanda suke tsokana da Injiniya saboda gyaran injinan masana'anta da yake yi, tun safe yake fita sai yamma. In Yaya ta tafi, daga Auta sai Yallaɓai a gidan wuni guda. Ummansu kuwa, da ciwon gwiwa ya hana ta tafiya, kullum tana kan waya da magana ɗaya: a kawo mata uwa da ɗa su zauna gabanta har yaro ya yi ƙwari. Auta ta ce ba inda za ta. Injiniya, bawan Allah mai kunyar surukai, ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da manya suka yanke. Sai Umma ta tattara nauyin ta ɗora wa Yaya.

"Ke ce kike wurin, ke ce kika san asibiti," ta ce. "In kin shiga mota gobe ki kira ni. In kika ce a turo mota, ƙarshen mako kawunku zai zo ya ɗauko su."

Yaya dai ba ta iya tsoro da hannu biyu zube ba, sai ta sama masa aiki. Ta ari kwamfutar Injiniya, ta yi kwanaki tana rubuta wa Auta littafi guda na kula da jariri, babi-babi, duk abin da shekarun aiki suka koya mata. A farkonsa ta jera kanun babi, yadda in Auta ta taɓa ɗaya wayar za ta kai ta shafinsa kai tsaye. Wayar Auta mai magana ce. In ta shafa yatsa a kai, wata murya ce ke karanta mata abin da ke wurin. Yaya ta yi alfahari da littafin nan, kuma a ranta ta ƙudura da shi za ta auna ƙanwar tata.

Ta shiga ɗakin ta same ta zaune a bakin gado, Yallaɓai a kafaɗa, waya a cinya.

"Bari mu gwada. A ce jikinsa ya yi zafi rau, ba kowa a gida. Nemo min."

Auta ta shafa yatsa. Muryar ta fara, ba gaggawa ba fargaba.

"Babi na ɗaya. Abin da ya kamata ki yi cikin natsuwa, ba tare da kin ɗaga hankalinki ba, idan kika lura yaron ya ƙi kama nono."

Ta sake shafawa.

"Babi na biyu. Abin da ya kamata ki yi cikin natsuwa, ba tare da kin ɗaga hankalinki ba, idan kika lura cibiyarsa tana..."

Ta sake. Babi na uku ma da natsuwar ya faro, na huɗu haka. Yaya tana tsaye tana kaɗa ƙafa, idonta a kan agogon bango. A cikin kanta tuni zazzaɓin ya hau, yaron ya fara sanƙarewa, ita kuma tana can wani gari tana raba wa 'ya'yan wasu magani. Kafin muryar ta iso kan zafin jiki, gumi ya jiƙa mata baya. Shi ke nan, ta ce a ranta, a turo mota.

"Kin daɗe," in ji Yaya.

"Ni na daɗe ko ke kika daɗe?" Auta ta ajiye wayar. "Yaya, ke in kin duba shafin nan, idonki tsalle yake yi ya dira a kan kalmar da kike nema. Ni kunnena ba ya tsalle. Sai an faɗa min na farko sannan in ji na ƙarshe. Ke kuma duk kin kai naman can ƙarshen layi, kin cika min gaba da romo."

"Ai kwantar miki da hankali nake yi."

"Wallahi ban taɓa jin abin da ya tayar min da hankali irin natsuwar nan taki ba. A asibitinku wa'azi ake rubutawa a bakin ƙofa? Mai naƙuda ta zo sai ta tsaya ta karanta 'ɗakin da ya kamata ki shiga cikin natsuwa'?"

Yaya ta so ta yi fushi, dariya ta riga fushin fitowa. Ta ɗauko kwamfutar ta zauna a ƙasa, ta jingina da gado, aka shiga yanka.

Ba a yi shi cikin daɗi ba. Duk kalmar da za a cire sai Yaya ta yi cinikinta kamar mai sayar da gadonta. Ta yarda a cire "babi na kaza". Ta yarda, da ƙyar, a cire "abin da ya kamata ki yi". Da aka zo kan natsuwa ta kafe.

"Wannan kam ki bar min."

"Ki tura ta ciki. Duk abin da kika rubuta a cikin babi ban ce ki taɓa ba, ina son shi, har faɗan. Ƙofar kawai nake so a rage."

Sai ta zuba natsuwar a layin farko na kowane shafi, ta ji ɗan sanyi. Kan babi mai layi uku ya koma "Ƙin nono". Wani ya koma "Cibiya". Wani "Zafin jiki". Yaya tana kallon allon tana jin kamar an aske wa littafin nata kai.

Ba ta daɗe a zaune ba ta miƙe ta ɗora ruwan zafi, ta dawo, ta koma ta sauke shi ba tare da ta san me za ta yi da shi ba. Ta leƙa taga. A ƙasa masu babura suna ta rububin fasinja, ta bango kuma keken ɗinkin maƙwabciyarsu Tela yana ta sukuwa, ya tsaya, ya sake ɗauka. Ta dawo ta tarar da sabuwar rigima, don akwai babi uku da duk suka fara da "Kuka".

"In na ji 'kuka' sau uku a jere, wanne zan shiga?" Auta ta tambaya. "Ki sa abin da ya raba su a gaba. Yunwa. Ciwon ciki. Na ukun kuma wanda ba shi da dalili, ki sa masa 'Rigima', ai ya gado."

"Wurin wa?"

"Wurin babbar yayar uwarsa."

Suka wuce zuwa wani da Yaya ta sa wa sunan cutar huhu, irin yadda ake rubutawa a katin asibiti. Auta ta girgiza kai. Ta ce ita lokacin da abin zai faru ba ta san sunansa ba, abin da za ta sani kawai shi ne ƙirjin yaro yana hawa da sauka da sauri a ƙarƙashin tafinta. Aka sa "Numfashi". Yaya ta jera babobin ne daga kai zuwa ƙafa, yadda aka koya mata a makaranta, har sarƙewa da nono ta faɗo can tsakiya, bayan amosanin kai. Auta ta sa aka ɗauko ta aka kai sama. Abin da ba ya jira shi ne gaba, in ji ta, amosani kuwa ko ranar aurensa a duba.

La'asar ta yi, jerin ya tsuke ya koma rabin allo. Yaya ta rufe kwamfutar da sauri ta ce an gama.

"Saura ɗaya," Auta ta ce.

"Wannan a bar shi yadda yake."

"Karanta min. Na riga na ji shi a waya, amma da bakinki nake so."

Yaya ta buɗe. Shi ne na ƙarshe a jerin, shi ta rubuta a ƙarshe, kuma shi ya fi cin ranta. Ta karanta tana tuntuɓe.

"Wasu 'yan abubuwa waɗanda, ba wai don ba za ki iya ba, sai dai saboda yanayinsu, zai fi kyau a bari sai akwai wani a kusa kafin a duba su."

Keken Tela ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

"Me ke ciki?"

"Launin fatarsa. Ko farin idonsa ya koma rawaya. Kalar kashinsa. Ƙurji. Auna maganin ruwa a sirinji."

"Wato abubuwan da sai da ido."

Yaya ta kawar da kai. Shekara da shekaru ke nan tana kewaye kalmar nan kamar mai kewaye rami a hanya. Takan ce "lalurar Auta", takan ce "yanayinta". Ta taɓa marin wata yarinya a bakin famfo saboda ta faɗe ta gatsau. Yau ga shi ta kashe layi biyu cur don kada ta rubuta ta.

"Yaya, makauniya ce ni," Auta ta ce a hankali. "Faɗi, ba ta cizo."

Nan abin da ta daɗe tana dannewa ya ɓalle. Ta miƙe tsaye, kwamfutar ta kusa faɗuwa.

"To na faɗa! Ba kya gani! Ki yanke min kanu duka, ki mayar da su harafi ɗai-ɗai, wannan babin ba ya yankuwa. Na sha karɓar jarirai sun yi rawaya sosai, an kawo su a makare, iyayensu kuwa da idonsu biyu garau. Ke ta yaya za ki sani? Hannu yana jin launi ne? Tsoro nake ji, Auta. Tun ranar da aka haife shi ban yi barcin kirki ba. In wani abu ya same shi ni ce na ce a bar ku."

Yallaɓai ya tsorata ya tsanyara kuka. Auta ta juya shi, ta dafa bayansa, ta yi masa 'yar raɗa a kunne har ya lafa. Sai da ya yi shiru sannan ta yi magana.

"Zauna ki rubuta. Aron ido."

"Me?"

"Sunan babin ke nan. Aron ido. Kuma ki ɗauke shi daga ƙasa, ki kai shi can sama, gaban sarƙewa ma. Wannan ai kullum zan buɗe shi, me ya sa kika ɓoye shi a bayan ƙofa?"

Yaya ta zauna, amma ba ta taɓa madannan ba. Ita ta ɗauka Auta cewa za ta yi a goge shi.

"Kin zaci ban san akwai abin da ya fi ƙarfina ba? Na riga ki sani. Tun ina da ciki na yi magana da Tela, kowace safiya kafin ta hau keke za ta shigo ta duba min shi a hasken taga. Sirinjin nan Injiniya ya yi masa tsaga da wuƙa daidai inda maganin zai tsaya, farcena yana jin wurin. In abu ya taso da rana, ga waya, ga bidiyo. Tun ina ƙarama nake aron ido, Yaya, naki na fi ara, ban taɓa jin kunyarsa ba." Ta gyara wa yaron hula. "Abin da ba na so shi ne a ara min ido a karɓe min hannu. A gidan Umma ido ya yi yawa. Wannan ta yi masa wanka, waccan ta goya shi, ni sai in an ji yunwa a miƙo min shi, in ya ƙoshi a ɗauke. Zai tashi ya san ni a matsayin wata baiwar Allah da ake kai shi gaisarwa. Ɗana ne. Ina so in san shi da kaina."

Yaya ta goge layi biyun. Ta rubuta kalma biyu, ta kai su sama. Amma hankalinta bai kwanta ba. Wayarta ta yi ƙara, ta ga Umma ce, ta kifa ta a kan kafet.

Da safe, jaka a bakin ƙofa, ta sake gwajin jiya. Auta ta ƙara wa muryar wayar gudu irin yadda ta saba a wurin aiki, har Yaya ba ta tsintar komai sai cacaca. Yatsa ya shafa, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, sai ga muryar tana cewa a cire masa kaya masu nauyi a kira asibiti. Yaya ba ta ko kai ga duban agogo ba. Tela ta shigo da zare maƙale a zaninta, ta kai Yallaɓai bakin taga, ta buɗe masa ido ta ce fari tas. Yaya ta bi bayanta ta sake dubawa, ta kuma ja matar gefe ta yi mata bayanin da ya ishi ɗalibin likita. Sau biyu tana sauka matakala tana dawowa, wai ta manta caja, cajar kuwa tana cikin jaka.

A motar ta sami wurin taga. Gari ya fara ja da baya, shaguna suka ƙare, aka shiga fili. Umma tana can tana jira. Yaya ta buɗe lambarta, ta rufe. Ta shirya jawabin a turo mota, da dalilansa. Ta shirya na kada a turo, shi ma da nasa. Kowanne in ta kai ƙarshensa sai ɗayan ya fi shi gaskiya. Mutumin da ke gefenta ya gaji da motsinta har ya tambaya ko kujerar ce ke da ƙusa.

Sun yi nisa sosai wayar ta yi ƙara. Auta ce, kiran bidiyo. Yaya ta ɗauka da sauri. Abin da ta fara gani silin ne da fanka tana juyawa.

"Yaya, aron ido. Tela ta tafi sayo zare. Na ji wasu 'yan ƙuraje a wuyansa, ƙanana kamar yashi. Jikinsa ba zafi, ya sha nono. Kalarsu nake so."

"Sauko da wayar. Ƙasa. Wannan kunnensa ne. Hagu kaɗan. Tsaya nan!"

Ga wuyan Yallaɓai ya cika allon, yatsun Auta biyu sun buɗe naɗin fatar daidai wurin. Ƙuraje ne 'yan mitsi-mitsi, ko Yaya da idonta da ta yi masa wanka da safe ba ta lura da su ba. Ta ƙura musu ido, ta sa aka matso, ta sa aka ja baya.

"Ja ne kaɗan, ba ruwa, ba kumburi. Ƙurajen zafi ne." Ta ja numfashi, ta gyara zama. "To yanzu abin da ya kamata ki yi, da farko dai kada ki ɗaga..."

"Yana cikin babi, Yaya, na riga na saurara. Idon kawai na ara. Ga shi na mayar miki, na gode. Allah ya kai ku lafiya."

Allon ya yi duhu.

Yaya ta zauna da baki buɗe, sauran jawabin maƙale a maƙoshinta. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa kanta ba. Aikin da ta yi tun suna yara, wanda ta ɗauka ba mai iya raba ta da shi, yau an rage shi ya koma kalma biyu. Amma an kira ta. Ba a ɓoye mata ba, ba a jira abu ya lalace ba, kuma hannun da ya gano ƙurajen ba nata ba ne. Ta ji ƙirjinta ya saki a karon farko tun da aka haifi yaron, hawaye suka zubo ba ta tare su ba.

Ta kira Umma. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Tun ɗazu nake riƙe da wayar nan. To, me kika gani?"

Yaya ta buɗe baki za ta faro daga farko, da dalili na ɗaya da na biyu, sai ta tsaya.

"Umma, kada a tura mota."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta share fuskarta da gefen mayafi. Ta ƙara wa wayar ƙara har ƙarshe, ba ta mayar da ita jaka ba, ta riƙe ta a hannu.